Yadda ake shirya tafiyar mota daga Kano zuwa gaɓar teku

Hanyar gaɓar teku da ta fi sauƙi ga mutumin Kano ita ce wadda ta tashi daga Legas ta bi Badagiri, ta ratsa Kwatano da Lome, ta shiga Gana har Cape Coast da Elmina. Daga Legas zuwa Akra bai kai kilomita 500 ba, amma iyakoki uku ne a tsakani, kuma su ke cinye yini. Saboda haka a yi lissafin tafiya da iyakoki da hasken rana.

A fara da zaɓen lokaci. Daga Afrilu zuwa Yuli ruwa ake tafkawa a gaɓa, ya sake dawowa a Satumba da Oktoba. Tsakanin Nuwamba da Fabrairu ya fi, sai dai a ƙarshen Disamba masu tafiya Kirsimeti kan cika hanya da masaukai.

Sai takardu, kuma nan ne tafiya ke lalacewa tun ba a ga teku ba. Kowa ya riƙe fasfonsa na ECOWAS, wanda ke ba shi damar zama har kwana 90 ba biza, da katin rigakafin shawara mai launin ɗorawa, yara ma haka. Mota kuma tana buƙatar takardunta na asali, da inshorar Brown Card ta ƙasashen ECOWAS, domin inshorar gida ba ta aiki da zarar an tsallake Seme, iyakar Najeriya da Benin. Direba ya nemi lasin na ƙasa da ƙasa. A kowace iyaka kwastan za su ba da takardar shigar mota na ɗan lokaci, a adana ta, ita za a nema wajen fita. In sunan da ke takardar mota ba na direba ba ne, a taho da rubutaccen izinin mai ita, in ba haka ba za a yini ana bayani. A yi fotokofin komai, a ajiye shi daban.

A kai mota gareji mako guda kafin tashi, ba ana gobe tafiya ba, don in an canja wani abu a samu kwanakin gwada shi cikin gari. A duba birki da lagireto da bel, a juye baƙin mai, a tabbatar safaya na da iska, jak na ɗagawa. A sayi bel da fis na ajiya a Ƙofar Ruwa. A gyara na'urar sanyaya mota, domin zafin gaɓa mai laima ne, gumi ba ya bushewa kamar na Kano.

Kuɗi a canja wani kaso a Wapa. Sefa ke aiki a Benin da Togo, sidi a Gana. A nemi ƙananan takardu don kuɗin hanya da abinci.

Kano zuwa Legas ta Abuja ya wuce kilomita 1,000, a raba shi biyu. A tashi bayan asuba ta Zariya da Kaduna da Abuja, a kwana Lakwaja, washegari a bi Okene da Badun. Kada a yi tuƙin dare, kuma a tambayi direbobin tasha halin hanya kafin tashi.

Daga Legas a fita da sassafe don a isa Seme kafin layi ya yi tsawo. A kwana Kwatano, a tsaya Wida a ga ƙofar da aka gina don tunawa da bayin da aka fitar ta nan, a wuce Grand-Popo inda bishiyoyin kwakwa suka jeru a bakin ruwa. Gaɓar Togo gajeriya ce, ba ta kai kilomita 60 ba, daga Lome kuwa Aflao, iyakar shiga Gana, na gefen gari. Togo da Gana suna bayan Najeriya da awa ɗaya, a gyara agogo. Tsohon sansanin Elmina, da Turawan Fotugal suka gina a 1482, ya cancanci rabin yini. Abinci da masallaci a nemi Zango, ko Nima a Akra, za a ji Hausa.

Tekun nan ba tafki ba ne. Igiyarsa na janye mutum zuwa ciki ko da ruwa iya gwiwa ne, don haka a riƙe hannun yara, kada a shiga sai inda mutanen gari ke shiga. Kada a sauka da mota kan rairayi, taya za ta nutse. In an dawo a wanke ƙarƙashin mota da ruwa mai ƙarfi, saboda iskar gishiri na haddasa tsatsa.