Idan za ku ziyarci masu ƙaramin bashi, ku je ranar taron biya

'Yan'uwa masu aikin raya karkara a ƙasar waje, kada ku ɓata mai kuna bin gida-gida. Ku tambayi ma'aikacin bashi ranar taron mako, ku bi shi.

A Bangaladash na koyi wannan. Tsarin bankin Grameen, wanda Muhammad Yunus ya kafa a 1983, rukuni ne na mata biyar-biyar, kuma rukunoni da yawa suna haɗuwa wuri ɗaya kowane mako su biya. Zama ɗaya a kan tabarma, kun ga mata talatin ko fiye, kowace da ɗan littafinta a hannu. Tafinta ɗaya, kuɗin mota ɗaya. Ni da farko kwana uku nake yi kafin in ga mutum goma.

Amma fa wadda bashi ya yi wa nauyi sau da yawa ba ta zuwa, kuma ita ce kuka fi bukatar ji. Ku same ta a gida, ba tare da mai karɓar kuɗin ba, don a gabansa "lafiya lau" kawai za ta ce.

Da damina kuma, daga Yuni zuwa Satumba a Bangaladash, ku bugo waya kafin ku fita. Ruwa yakan cinye hanya, wani ƙauyen sai da kwale-kwale.