Yadda nake raba kujerun masu turombon huɗu a ƙungiyar jaz

Kuskuren farko da na yi, kunya ce ta ja mini shi. Lokacin da muka haɗa ƙungiyarmu a Sabon Gari, masu busa turombon, kakakin nan na ƙarfe mai bututun da ake ja, huɗu na samu, kusan dukkansu daga badujala suka fito. Babban cikinsu, wanda muke kira Baba, dattijo ne, tsohon soja, ya girmi mahaifina. Ban ko tsaya tunani ba na miƙa masa takardar kujera ta ɗaya, wato ta mai jan gaba da sautin sama. A wajen wani biki a Tudun Wada, tun kafin a raba abinci leɓensa ya mutu. Sautin sama ya ƙi fita, sauran ukun da ke bin sa suka watse kamar kajin da shaho ya ratsa. Muna komawa gida ya ce mini, "Yaro, ka ba ni girma, amma ka ɗora mini kayan da ba nawa ba."

To ga yadda nake yi yanzu.

Fara da sanin abin da ke hannun kowa. Turombon na yau da kullum, wanda ake kira teno, a kan B-filat aka gina shi, kuma bututun da ake ja ana turawa, wato silaid, zango bakwai gare shi. Kowane zango ka ƙara, sauti ya sauka rabin taki, wato tazara mafi ƙanƙanta tsakanin sautuka biyu a fiyano. Idan ka ɗauki C ta tsakiyar fiyano a matsayin ma'auni, teno yana sauka har E ta biyu ƙasa da ita, can a zango na bakwai, inda hannu ke miƙewa iyakarsa. A sama kuwa, mai busa na kirki yana kai B-filat da ke saman C ta tsakiya ba tare da ya yi gumi ba. Tsakanin waccan E ta ƙasa da B-filat mai gurnani da ke can ƙarƙashinta akwai rami, sautuka ne da teno marar bawul, ɗan maɓallin nan da ke ƙara wa bututu tsawo, ba ya fitarwa da kyau. Wannan ramin shi ne gonar turombon bas, mai bawul ɗaya ko biyu.

Kujera ta ɗaya madugu ce. Ni nakan ajiye shi tsakanin B-filat da ke ƙasan C ta tsakiya da wadda ke samanta, okteb ɗaya ke nan, in bar C da D na can ƙololuwa don wuri ɗaya ko biyu a waƙa, inda ake so gashin jikin mutane ya tashi. Kada ka gwada mai neman wannan kujera da sautin da ya fi tsawo da zai iya kaiwa. Kowane saurayi zai iya tsandara ihu sau ɗaya. Ka sa shi ya busa G da A na sama a hankali, da sanyin murya, bayan an yi awa biyu ana gwaji. In har yanzu sautin na zaune, shi ne. Irin busar da ake nema ita ce ta Tommy Dorsey, shahararren mai turombon na Amurka, mai santsi kamar mutum na rera waƙa. Shi madugu ne ke yanke inda za a ja numfashi, tsawon kowane sauti, da ko za a karkaɗa silaid ko a bar shi tsaye, shi kuma kunnensa na wajen mai turampet na ɗaya da ke bayansa. Galibi kayansa mai siririn bututu ne, inci 0.500 ko 0.508, irin King 3B, domin siririn ya fi kaifi a sama.

Na biyu yana manne da madugu, daga F ta ƙasan C ta tsakiya zuwa wajen G ta sama. A al'adar jaz shi ake yawan bai wa solo, wurin da mutum zai ƙirƙiri nasa nan take, saboda a huta wa leɓen madugu. Don haka a nan nake zaunar da mai ƙwaƙwalwa da rawar kai, ko da bai kai na ɗaya ƙarfin leɓe ba. Shi ne kuma mai karɓar ragama in madugu ya gaji.

Kujera ta uku ce mutane ke rainawa, ita ce kuma ta fi wuya a wurina. Layinta ba shi da daɗin rerawa. In ka busa shi kai kaɗai sai a ɗauka kuskure kake yi. Yana yawo daga C ta ƙasa zuwa wajen E-filat da ke saman C ta tsakiya, yau ya haɗu da na sama, gobe ya sauka ya taya bas. Sau da yawa shi ke riƙe da sauti na uku ko na bakwai na kod, wato curin sautukan da ake busawa tare, waɗanda su ne gishirin miyar. Ya kauce kaɗan, duk ƙungiya ta yi tsami, kuma mai sauraro madugu zai zarga. Nan na mayar da Baba. Shekarun da ya yi a fareti sun ba shi kunnen da babu mai irinsa a cikinmu, in kod ya karkace sai ka ga hannunsa ya motsa kamar faɗin ƙwayar gero, abu ya daidaita. In da hali, a ba mai wannan kujera turombon mai bawul na F. Dalili kuwa: B-filat ta ƙasa tana zango na ɗaya, B da ke maƙwabtaka da ita tana na bakwai. Rabin taki ne a kunne, amma a hannu tafiya ce daga Samaru zuwa Ƙofar Doka. Da bawul, B ɗin tana dawowa kusa da zango na biyu.

Na huɗu, bas, bututunsa inci 0.562, iska yake ci kamar zugazugin maƙeri. Gidansa daga C mai okteb biyu ƙasa da ta tsakiya har zuwa wajen F ko G ta ƙasan tsakiya. George Roberts, wanda ya busa wa ƙungiyar jaz ta Stan Kenton a shekarun 1950, shi ya nuna wa duniya cewa wannan kayan na iya rera waƙa, ba gurnani kaɗai ba. Ka bar masa wuraren numfashi fiye da na kowa. Kuma ka gaya masa ya riƙa sauraron mai saksofon bariton da mai jita bas, don su ne abokan tafiyarsa.

Wajen rubuta kod, dokata ɗaya ce: ƙasa a buɗe, sama a matse. In ka haɗa sautuka biyu kusa da juna can ƙasa, laka za ka ji. Ga wanda muke fara gwaji da shi, F7. Bas ya ɗauki F ta biyu ƙasa da C ta tsakiya. Na uku E-filat, zango na uku. Na biyu A, zango na biyu. Madugu D da ke saman C ta tsakiya, zango na ɗaya. Tazarar bas da na uku rabin taki 10, ta gaba 6, ta sama 5. Da za a sauka kan kod ɗin B-filat, bas ya faɗa B-filat mai gurnani, na uku ya zame rabin taki zuwa D, na biyu ya tsaya cak a kan A ɗinsa, madugu ya sauko C. Kusan babu wanda ya motsa, amma ɗakin sai ya canza launi. Mai A ɗin nan a F7 ya tura silaid waje ɗan ƙanƙani, domin sauti na uku ya fi zama idan an sassauta shi.

In waƙar mai gudu ce, matse su cikin okteb ɗaya: F, D, B-filat, G daga sama zuwa ƙasa. In ka ji ta yi siriri, ɗauki sauti na biyu daga sama, wato D, ka sauke shi okteb guda ka bai wa bas. Idan kuma duk ƙungiya na busa tare da ƙarfi, hanya mafi sauƙi ita ce su huɗun su maimaita abin da turampet huɗu ke yi, okteb ɗaya ƙasa.

Ba kullum ake samun huɗu ba, musamman a Zariya inda mai bas kan yi wuyar samu. Uku ma sun isa. Duke Ellington, shahararren jagoran ƙungiyar jaz, da uku ya yi aiki daga 1932: Lawrence Brown, Joe Nanton da Juan Tizol mai turombon na bawul, kowa da muryarsa daban. Kenton kuwa har biyar ya jera. In uku gare ka, jefar da tushen kod, wato sautin da kod ke ɗauke da sunansa, ka bar wa mai jita bas, ka riƙe sauti na uku, na bakwai da sautin waƙa.

Wajen zama, in kana kallonsu daga gaba, jerin shi ne na biyu, na ɗaya, na uku, na huɗu, na biyu yana gefen masu ganga da fiyano. Madugu ya saitu da turampet na ɗaya a bayansa da saksofon alto na ɗaya a gabansa.

A hunturu sai ka ƙara haƙuri. Ƙarfe mai sanyi sautinsa sauka yake yi, don haka kada a daidaita kaya sai kowa ya busa minti goma. Ƙura kuma na shiga silaid ta sa shi cijewa. Kowa ya zo da tsumma, man silaid da 'yar kwalbar fesa ruwa. Sannan a gina F7 ɗin nan daga ƙasa: bas ya shiga shi kaɗai, a ƙirga huɗu, na uku ya hau, na biyu, madugu a ƙarshe. Muna riƙe shi har rawar da ke tsakanin sautukan ta kwanta. In ba ta kwanta ba, Baba kan sauke nasa ya dubi na biyu ya ce, "Ɗana, tura kaɗan." Sai a sake daga bas.