Idan Matashin Mawaƙi Ya Karaya, Ga Yadda Za A Tallafe Shi

Kafin lallashi, a fara gano abin da ya sare masa gwiwa. Yaro namiji tsakanin shekara 12 zuwa 15 muryarsa kan fashe, waƙar da yake rerawa bara ta gagare shi bana. Wannan girma ne. A sauke masa karin waƙar ƙasa, kada a tilasta masa ɗaga murya, don maƙogwaro na iya ƙwaruwa.

A rage atisaye zuwa minti 20 kullum, biyar na farko a yi su da gunji a hankali, baki a rufe. Wannan ya fi amfani a kan a yi awa uku a rana guda.

Duk ranar Juma'a a naɗi baiti ɗaya a waya, shi ɗin dai. Bayan sati shida a kunna masa na farko da na ƙarshe, ya ji bambancin da kunnensa. Wannan ya fi yabon baki tasiri nesa ba kusa ba.

Gyara kuwa guda ɗaya a zama, kuma a keɓe. Kushe a gaban tsara ne ke kashe zuciya.

Idan taro yake tsoro, ya fara da amshi cikin 'yan'uwansa. Lokacin hunturu ya yawaita shan ruwa. Dishewar da ta wuce sati biyu, sai a kai shi wurin likitan maƙogwaro.