Darasi: Majinar hanji da ƙwayoyin da ke cin ta

Babban hanjin mutum ya kai tsawon mita ɗaya da rabi. A nan ragowar abinci ke taruwa kafin ta fita, kuma a nan ƙwayoyin bakteriya suka fi yawa a jiki. Ido ba ya ganin su. Mafi yawansu ba sa cutarwa, aiki ma suke yi mana.

Tsakanin waɗannan ƙwayoyi da fatar hanji akwai majina mai yauƙi wadda hanjin da kansa ke yi dare da rana. Amfaninta kamar na yaɓen katangar ƙasa ne: muddin yana da kauri, ruwan damina ba ya kai wa ga tubali. Hawa biyu ce. Ta ciki mai kauri ce, tana manne da hanji, kusan babu ƙwaya a cikinta. Ta waje sakwa-sakwa ce, a cikinta ƙwayoyin ke zama.

Masu cin majina

Yawancin nauyin sinadarin majinar nan nau'o'in sukari ne, saboda haka abinci ce ga ƙwayar da ta san yadda za ta warware ta. Wadda aka fi sani sunanta Akkermansia muciniphila. An gano ta a shekarar 2004 a jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan. A cikin lafiyayyen mutum takan kai kashi 1 zuwa 4 cikin 100 na ƙwayoyin hanji. Ana samun ta a hanjin dabbobi masu shayarwa da yawa, kamar doki da zomo da ɓera.

Jin cewa tana cin majina kada ya tsorata ku. Idan ta ci ta waje, tana fitar da wasu sinadarai da sauran ƙwayoyi ke amfani da su, hanji kuma yana ta sake yin sabuwa. An lura cewa tana raguwa a cikin masu ƙiba da masu ciwon sukari.

Inda matsala take

Akwai ɓangaren hatsi da ganye da wake wanda cikinmu ba ya iya narkarwa, wato harza. Ita ce abincin mafi yawan ƙwayoyin hanji. Wasu daga cikinsu baki biyu gare su: in akwai harza su ci harza, in babu su juya kan majina.

A 2016 masana a jami'ar Mishigan ta Amurka sun gwada haka da ɓeraye da aka sa wa ƙwayoyin hanjin mutum. Waɗanda aka hana harza, masu cin majina suka yi yawa a cikinsu, majinar ta yi siriri. Da aka ba su ƙwayar cuta mai sa zawo, ta fi saurin kama su, ciwonsu kuma ya fi tsanani. A 2010 kuma an kwatanta yaran ƙauyen Bulpon na Burkina Faso, masu cin hatsi da dawa da wake, da yaran Itali. Na Bulpon sun fi yawan ƙwayoyi masu cin harza. Abincinsu dai bai bambanta sosai da na ƙauyukan Maradi ba. Mu a birni ne muke komawa ga burodi da taliya da farar shinkafa.

Abin da za a yi a gida

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba na buƙatar aƙalla giram 25 na harza a rana, da giram 400 na ganye da kayan marmari. Giram 100 na dafaffen wake na ba da wajen giram 6, to ba daga kwano ɗaya za a samu duka ba.

A fara daga turmi. Harzar hatsi tana cikin dusa, surfe mai tsanani kuwa yana kwashe ta a ba awaki. A sassauta surfen tuwon manya, ko a haɗa surfaffen hatsi da wanda aka wanke kawai kafin a kai inji. A tabbata hatsin bai yi fumfuna ba. Idan za a dafa shinkafa, a sa mata wake. Miyar kuka, kuɓewa, lalo da dambun zogale su riƙa zagayowa cikin mako. Aya, wadda jihar Maradi ke nomawa da yawa, a tauna ta a haɗiye. Idan aka tace kunu aka zubar da tuƙar, harzar ta tafi.

Wanda bai saba ba, kada ya ƙara gaba ɗaya. Ƙwayoyin za su yi ta fitar da iska, ciki ya kumbura, ya ce wake bai karɓe shi ba. A riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan cikin mako 2 ko 3, a jiƙa wake ya kwana, a zubar da ruwan, a kuma yawaita shan ruwa.

Jariri dabam ne. Nonon uwa na ɗauke da wani sukari da ke ciyar da ƙwayoyin hanjinsa, nonon kaɗai ya ishe shi har wata 6. Kunun ƙaramin yaro kuma ba a cika masa dusa, don tana cika ciki ba tare da ba shi ƙarfi ba.

Kafso na tebur, wato maganin kashe ƙwayoyin bakteriya, da ake sha don kowane ciwon ciki yana kashe ƙwayoyi masu amfani tare da mugaye. Kada a sha shi sai likita ya rubuta.

Masu kiwon rago, haka abin yake a turke. Idan aka cika wa dabba tsaba farat ɗaya babu harawa, cikinta na yin tsami, ta kama zawo, har a ga majina a kashinta.

Majina kaɗan a bayan gida ba abin tashin hankali ba ce. Amma idan ta zo da jini, ko zazzaɓi, ko murɗar ciki, wataƙila atini ne. A fara ba da ruwan gishiri da sukari, ƙunshi ɗaya na garin maganin cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a kai mara lafiya likita a ranar.

Aikin aji

Kowa ya rubuta abin da ya ci jiya daga safe zuwa dare, ya ja layi ƙarƙashin masu harza. Sannan ya rubuta abu ɗaya da zai iya ƙarawa gobe daga abin da ke cikin rumbu ko a kasuwar unguwarsu.