Kurakuran da aka fi yi wajen sayen rigar shafi da ƙaura tsakanin Blogger da WordPress

Yawancin masu kawo mini shafinsu gyara, sai ɓarna ta riga ta auku suke zuwa. Wani ya sayi rigar shafi da dalolinsa, wato tsarin da ke ba shafin intanet kamanninsa, wanda masu harkar ke kira tim, ta ƙi hawa. Wata ta kwashe rubutun shekara biyar daga Blogger zuwa WordPress, bayan mako guda ta duba babu hoto ko ɗaya. Idan ka bi diddigi, tushen matsalar kusan ɗaya ne: mutum bai tantance abin da yake nasa da abin da aka ba shi aro ba kafin ya zaro kuɗi ko ya ɗaure kaya.

Ruɗanin farko daga suna yake. WordPress biyu ne. Akwai manhajar da Matt Mullenweg da Mike Little suka fara a 2003, kyauta ce, ana sauke ta daga WordPress.org, kai za ka biya kamfanin hostin, wato mai ba da hayar wurin ajiye shafi a intanet, ka ɗora ta, komai na hannunka, har da wahalar. Sai WordPress.com da kamfanin Automattic ya buɗe a 2005, inda su ke riƙe da sabar, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, kai kuma ka bi dokar gidansu. Tsarinsu na kyauta ba ya barin ka ɗora rigar da ka sayo daga waje, kuma an yi shekaru sai mai biyan tsarin Business yake da wannan dama. Suna sauya tsare-tsarensu lokaci zuwa lokaci, don haka karanta abin da tsarinka ya ƙunsa a ranar da za ka yi sayayya. Blogger kuwa, wanda Google ta saya a 2003, rigarsa fayil ɗin XML guda ne, ta WordPress kuma tarin fayilolin PHP ce. Ta wannan ba ta shiga wancan, ko da sunansu ɗaya, ko da kamanninsu ɗaya. A ThemeForest, kasuwar sayar da riguna ta intanet, ba dole ba ne mai riga ya mayar maka da kuɗi don ka yi sayen kuskure.

Idan WordPress ta ce maka babu style.css a cikin rigar, kada ka ɗaga hankali. Babban ƙunshin da aka ba ka bayan sayayya ka ɗora, mai ɗauke da takardun bayani da lasisi. Buɗe shi a kwamfuta, za ka tarar da ƙaramin fayil ɗin zip a ciki, shi ne rigar.

Lasisin da aka saba saya a ThemeForest na shafi ɗaya ne, kuma tallafin mai riga na wata shida ne, sai dai ka ƙara kuɗi a tsawaita. Masu haɗa wa mutane shafi da yawa sukan sayi riga sau ɗaya su sanya wa kwastoma goma. Idan wani ne zai haɗa maka, ka ce a sayi rigar da asusunka, lambar sayayyar ta zauna a wurinka. Ranar da kuka rabu da shi, ba za ka zauna da rigar da ba ka iya sabuntawa ba.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wato rigunan sata da ake rabawa a Telegram da WhatsApp, waɗanda aka cire musu makullin lasisi. Na san abin da ke tura mutane can. Dala sittin ba ƙaramin kuɗi ba ne in ka juya ta zuwa naira, kuma tun da bankunan Najeriya da dama suka toshe sayayyar ƙasashen waje da katin naira a 2022, har masu niyyar biya sun rasa hanya na tsawon lokaci. Amma wanda ya zauna ya fasa riga ya raba ta kyauta yana da abin da yake nema. A 2019 kamfanin tsaro na Wordfence ya fitar da rahoto kan wata muguwar manhaja mai suna WP-VCD, wadda ta irin waɗannan riguna take yaɗuwa. Tana buɗe wa mai ita ƙofar baya, ta cusa tallace-tallace da mahaɗan banza a shafinka, ta kuma bazu zuwa sauran rigunan da ke ciki, ta yadda goge ta satar kaɗai ba ya wadatarwa. Mai karatu ya taɓa labarinka, sai ya tsinci kansa a shafin caca. Idan kana sanye da irin wannan riga yanzu, sai an sake ɗora WordPress sabuwa, an binciki jerin masu iko a shafin an kori baƙin suna, an canza duk kalmomin sirri. In kuɗi ne babu, ma'ajiyar WordPress.org na da dubban riguna na kyauta da aka tantance. Astra da GeneratePress na kyauta sun ishi mai fara shafin labarai.

Wanda ya saya da kuɗinsa ma bai tsira ba in ya ƙi sabuntawa. A ƙarshen 2014 shafuka sama da dubu ɗari suka kamu da cutar da aka kira SoakSoak, ta wata ɓaraka a Slider Revolution, wani fulogin, wato ƙaramar manhajar da ake ƙara wa WordPress. An riga an toshe ɓarakar tun da farko, amma fulogin ɗin yana zuwa ne cikin riguna masu yawa, masu shafukan ba su ma san suna da shi ba. Dalilin da ya sa mutane ke gudun sabuntawa shi ne sun yi gyare-gyare kai-tsaye a cikin fayilolin rigar, sabuntawa kuma tana shafe su. Maganin shi ne 'yar riga, ƙaramar jaka mai style.css da functions.php wadda ke gadon komai daga uwar, ka zuba gyaranka a cikinta. Yawancin rigunan kuɗi suna zuwa da ita a cikin ƙunshin.

Akwai wani gwaji da mai rubutu da Hausa ya kamata ya yi, wanda ba zai gani a shafin talla ba. Samfurin da ake nuna maka da Turanci yake. Salon haruffa da yawa ba su da ɓ da ɗ da ƙ, sai waya ta aro su daga wani salon, ka ga kanun labari da harafi ɗaya ya fi sauran ƙiba ko ya karkace. Nemi sunan salon da rigar ke amfani da shi, ka rubuta "ƙasa" da "ɗalibi" da "ɓarawo" ka gani da idonka, manya da ƙanana. Noto Sans na da su duka. Ka kuma buɗe samfurin a waya da data, domin a nan masu karatunka suke.

Rigunan da ke ɗaure da maginin shafi, wato manhajar tsara fuskar shafi, irin su WPBakery ko Divi, na da wani tarko. Shekaru da yawa suna adana tsarin shafi ne da gajerun lambobi a cikin rubutun kansa, ranar da ka cire su sai ka ga vc_row ko et_pb_section sun cika labaranka. Bar magini ga shafin farko da shafin tuntuɓa, labarai kuma ka rubuta su da editan WordPress na asali.

Batun ƙaura kuma, babban kuskure shi ne rushe tsohon gida kafin a gama jera kaya a sabo. Fayil ɗin da WordPress ke fitarwa yana ɗauke da rubutu da rukunai da sharhin masu karatu, amma hotuna adireshinsu kawai yake riƙewa. Lokacin shigarwa akwai ɗan akwatin da za ka danna don a janyo hotunan, kuma daga tsohon shafin za a janyo su, dole yana raye kuma a buɗe. Riga da fulogin da saituna ba sa cikin wannan fayil sam. Bayan an gama, danna hotuna kaɗan ka duba adireshinsu. In har yanzu tsohon gida suke nunawa, aiki bai ƙare ba. Ni nakan bar tsohon hostin wata guda cur bayan ƙaura.

Wanda ya kwashe rumbun bayanai, inda WordPress ke adana rubutun, da hannu kuma, ya duba haruffanmu kafin komai. In ka ga ƙ ta koma Æ™, ko ɗ ta koma É—, an fitar da rumbun ne da tsarin haruffan da ba UTF-8 ba. Kada ka fara gyara labari ɗaya-ɗaya, koma ka sake fitarwa daidai.

Sai adireshin labarai. Blogger na sa shekara da wata da .html a ƙarshe, WordPress.com na ƙara rana. In sabon gida ya zo da wani tsari, duk mahaɗin da ka taɓa yaɗawa a Facebook, da duk wanda Google ta sani, zai kai mutane ga shafin 404, mai cewa ba a samu labarin ba. Ko dai ka saita sabon tsarin ya yi daidai da tsohon, ko ka sa turawar 301, wadda ke kai mai karatu kai-tsaye daga kowane tsohon adireshi zuwa sabonsa. Wanda ke kan adireshin da ya ƙare da blogspot.com ko wordpress.com ya fi shan wuya, don sunan ba nasa ba ne. A WordPress.com turawar ma sai an biya.

Shi ya sa nake matsa wa kowa ya sayi domen nasa, wato sunan adireshin shafi na kansa, tun yana kan dandalin kyauta, da imel ɗinsa, da sunansa. Na taɓa ganin shafin labarai da ya yi shekaru yana tara masu karatu ya salwanta, saboda yaron da ya yi rajistar domen ɗin da imel ɗinsa ya canza lamba, wa'adi ya cika ba wanda ya sani. In za ka mayar da domen irin .com wani kamfani, ka sani ana kulle shi kwana 60 bayan rajista ko bayan canjin kamfani. In kuma hostin kawai za ka canza, ba sai ka ɗauke domen ɗin ba, saitin DNS, wanda ke nuna inda shafin yake zaune, za ka gyara, yana iya ɗaukar kwana biyu kafin ya game ko'ina. Kafin ka taɓa shi, kwafi bayanan MX ka ajiye, domin su ne ke kai wasiƙu akwatin imel ɗin da ke ɗauke da sunan shafinka.