Hayar jirgin sintiri ko sayensa: inda lissafi yake karkacewa

Kuskuren da ya fi cin kuɗin gwamnati a harkar jiragen ruwa na sintiri tun a teburin lissafi ake tafka shi. Sai a ɗauko farashin sabon jirgi, a ɗauko kuɗin hayar shekara guda, a gwama su, a ce wannan ya fi araha. Alhali abin da rundunar sojan ruwa take saye shi ne kwanakin da jirgin zai yi a teku yana aiki. Farashin saye kansa ƙaramin kaso ne. A tsawon rayuwar jirgi, shekara 25 zuwa 30, kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin yana tafiya ne a mai, albashi, kayan gyara da manyan gyare-gyare. Gyaran wannan kuskure shi ne a tattara duk abin da za a kashe cikin shekarun da ake bukatar jirgin, a raba da yawan kwanakin da zai fita teku. Jirgin da ke fita kwana 100 a shekara, ko da rabin kuɗin wanda ke fita kwana 300 aka saye shi, kwanansa guda na sintiri ya fi tsada.

Birtaniya ta gwada hanyoyin biyu a kan jirage ɗaya, shi ya sa labarinta yake da amfani. A 2001 ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Vosper Thornycroft ya ƙera jirage uku na gadin ruwan kamun kifi, HMS Tyne da Severn da Mersey, ya ba ta hayarsu shekara biyar a kan kusan fam miliyan 60, gyara kuma a wuyan kamfanin. Jiragen uku suka maye gurbin tsofaffi biyar, domin an ɗaure kamfanin da sharaɗin yawan kwanakin da jirgi zai kasance a shirye, an kuma ba kowane jirgi ma'aikata fiye da waɗanda yake ɗauka, suna karɓa-karɓa: wasu na hutu ko horo, jirgi na teku. Wannan ɓangaren ya yi kyau. Amma gadin ruwan kamun kifi ba aikin da ke ƙarewa ba ne. Aka sabunta haya, aka ci gaba da biya, daga ƙarshe a 2012 gwamnati ta saye jiragen ukun a kan fam miliyan 39. A nan kuskure na biyu yake: ɗaukar haya don bukata ta dindindin. Haya ta dace da cike giɓi, kamar shekara uku zuwa biyar da ake jiran sabon jirgi ya fito daga maƙera. Haka Ostireliya ta yi a 2017, lokacin da ta karɓi hayar jirage biyu samfurin Cape waɗanda kamfanin Austal ya ƙera, wani banki ya zuba kuɗin. In kuwa ana ganin bukatar za ta haura shekara goma, tun ranar farko a rubuta damar saye a cikin yarjejeniya, da farashin kowace shekara a ƙayyade. Wanda ya bari sai wa'adi ya ƙare, ba shi da jirgin da zai koma wa, farashin da mai jirgi ya yanka shi zai biya.

Sannan haya iri biyu ce, ana kuma yawan haɗa su. Akwai shata, kamar yadda ake ɗaukar shatar mota da direbanta: jirgi ya zo da matuƙansa farar hula, kamfani ke riƙe da shi. Akwai kuma hayar jirgi zalla, inda gwamnati ke zuba sojojinta, ta kafa tutarta. Bambancin ya wuce na kuɗi. Yarjejeniyar dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta ce jirgin yaƙi shi ne wanda hafsan soja ke jagoranta, ma'aikatansa na ƙarƙashin dokar soja, yana ɗauke da alamar ƙasarsa. Kama 'yan fashin teku da bin jirgin da ya gudu aikin jirgin yaƙi ne, ko jirgin gwamnati mai alama bayyananna da aka ba izini. Idan jirgin shata ya yi kamu ba tare da an kammala waɗannan takardu ba, lauyan waɗanda aka kama ya samu ƙofa a kotu. Ga kuma inshora: takardar inshorar jirgin kasuwa ta yau da kullum ba ta ɗaukar asarar yaƙi, sai an saya mata ƙari. A tambaya a rubuce, kafin sa hannu: in harsashi ya huda jirgin, wa zai biya? Mai jirgin ya yarda a kafa bindiga a kan benensa, kuma benen zai ɗauki girgizarta?

Kayan aro ba ya rufe katara. Pakistan ta karɓi hayar jiragen yaƙi takwas daga Amurka a ƙarshen shekarun 1980. Da takunkumi ya hau kanta a 1990 saboda shirin nukiliya, wa'adi na cika aka ƙi sabuntawa, ta mayar da su duka. Don haka ba a ɗora dukan tsaron ruwan ƙasa a kan abin da wani zai iya janyewa.

Masu cewa saye ya fi, su ma suna da nasu ramukan, kuma sun fi zurfi. Babbansu shi ne a sayi jirgi tsurarsa, babu kunshin kayan gyara, babu horo, babu kwangilar kula da inji. Shekarar farko komai lafiya. A ta biyu famfon sanyaya inji ya lalace, ko allon lantarkin janareta ya ƙone, sai a tarar babu na canji a ƙasar, oda kuma za ta ɗauki watanni kafin a saki kuɗi, kafin kaya su iso. Jirgi yana ɗaure a gaɓa, amma lalacewa ba ta tsaya ba. Ruwan mashigin tekun Gini mai ɗumi ne, ƙwarin teku da gansakuka suna manne wa ƙasan jirgi da farfela cikin 'yan watanni, su rage gudu, su ƙara shan mai. Guntayen tutiya da ake liƙa wa jikin jirgi don su cinye a madadin ƙarfen suna ƙarewa, daga nan tsatsa ta kama jikin kansa. Idan na'urar sanyaya ɗaki ta mutu, danshi da gishiri su shiga rada da rediyo. Sai ma'aikata su fara kwance kayan wannan jirgi suna ɗaura wa wancan, jirage biyu su koma ɗaya. NNS Aradu, wanda Najeriya ta saya sabo daga Jamus ya fara aiki a 1982, ya shafe shekaru masu yawa a ɗaure yana jiran gyara. Maganin abu ne sananne: kayan gyara na aƙalla shekara biyu su zo tare da jirgin, kwangilar kula ta shekara biyar ta shiga farashi, a tura makanikai maƙera tun ana ƙira, a kuma tabbatar akwai wurin da za a fitar da jirgin daga ruwa. Ƙa'idar jiragen kasuwa ita ce a duba ƙasan jirgi sau biyu cikin shekara biyar, kada tazara ta wuce wata 36, kuma ma'auni ne mai kyau ga na sintiri.

Jirgin kyauta ko na hannu yana bukatar lissafi mai tsanani fiye da sabo. NNS Thunder da NNS Okpabana, da Najeriya ta karɓa daga masu gadin gaɓar Amurka a 2011 da 2014, jirage ne masu mita 115 da aka ƙera a ƙarshen shekarun 1960. Suna da dogon zango, amma suna cin ma'aikata fiye da ɗari kowanne, wasu kayansu kuma an daina ƙera su. Kafin a karɓi irinsu, a auna kaurin ƙarfen jiki da na'ura, a duba littafin awannin inji, a kai samfurin baƙin mai ɗakin gwaji. Wannan binciken shi ne kuma ake yi ranar karɓar jirgin haya, ɓangarori biyu su sa hannu, in ba haka ba ranar mayarwa za a caje ku lalacewar da kuka tarar.

Ana kuma yawan biyan kuɗin gudun da ba a bukata. Ninka gudun babban jirgi yana iya ninka shan mansa kusan sau takwas a awa guda, alhali yawancin sintiri a hankali ake yin sa. Don gadin mil 200 na ruwan tattalin arzikin ƙasa, jirgi mai juriya da ke ɗauke da ƙananan kwale-kwale masu gudu ya fi amfani. Tara samfura daga ƙasashe biyar kuwa yana nufin rumbun kayan gyara biyar da horo biyar.

Sai batun kuɗin waje. Haya da bashin saye duka da dala ko yuro ake biyan su. Bayan da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 1,500 cikin watanni, ma'ana duk kwangilar da aka rubuta da dala nauyinta a kasafi ya ninka sau uku. A nemi a biya ɓangaren gyara da ma'aikata da kuɗin gida, a kuma kai bashin gaban majalisa. Mozambik ta ci bashin kusan dala biliyan 2 a 2013 da 2014, akasarinsa a ɓoye, don jiragen kamun kifi da na sintiri. Da asiri ya tonu a 2016, Asusun Ba da Lamuni na Duniya (IMF) da masu ba da tallafi suka dakatar da kuɗinsu, darajar kuɗin ƙasar ta faɗi, jirage da dama kuma suka yi ta tsatsa a tashar Maputo ba su yi aikin da aka ciwo bashin dominsa ba.