Yadda Ake Sauya Injin Wankin da Ya Lalace, da Abin Lura a Makon Farko na Sabo

Kafin magidanci ya fitar da kuɗin sabon injin wanki, wajibi ne ya tabbatar tsohon ya mutu da gaske, domin da yawa daga cikin matsalolin da ke sa a jingine inji a lungu ƙanana ne, kuma gyaransu bai kai ko kusa da kuɗin sabo ba. Idan aka kunna inji aka ji motar tana gurnani amma bahon bai juya ba, galibi kafasita ce ta mutu, wato 'yar na'urar da ke taimaka wa mota ta tashi, ko kuma bel ɗin da ke juya baho ya saki ko ya tsinke. Idan kuwa ruwa ne ya ƙi fita, sai a fara buɗe matatar da ke ƙasan injin, inda maɓallin riga da fil ɗin hijabi da tsinken sakace da aka manta a aljihu suke taruwa su toshe hanya. Duk waɗannan aikin yini ɗaya ne ga mai gyara da ya san hannunsa.

Lalacewar da ke sa a haƙura da inji daban take. Ƙara mai ƙarfi da ke ƙaruwa lokacin matse kaya alama ce ta mutuwar boris, wato zoben ƙarfen da baho yake juyawa a kansa, kuma a injina da yawa masu ƙofa a gaba bahon a manne yake, ba a buɗe shi, sai dai a sauya shi gaba ɗaya. Haka ma ƙonewar fanel ɗin da ke sarrafa injin, ko tsagewar baho, ko tsatsar da ta cinye gindi. A ganina, idan inji ya kwana biyu kuma kuɗin gyaransa ya doshi rabin kuɗin sabo, sauyawa ta fi. Amma a tambayi mai gyaran abin da ya kashe shi, domin idan hawa da saukar wutar lantarki ne ya ƙona fanel, to sabon ma hakan zai same shi matuƙar ba a yi maganin wutar ba.

Babban abin da ya kamata ya yi wa mutum jagora wajen zaɓe shi ne halin ruwa da wutar gidansa, ba kyan inji a shago ba. Mai baho biyu, wato ɓangaren wanki da ɓangaren matsa, shi ne ya fi dacewa da gidan da ke sayen ruwa a wurin 'yan garuwa ko yake ɗiba daga rijiya, domin da bokiti ake zuba masa, wutar da yake ja kaɗan ce, galibi ba ta wuce wat ɗari biyar ba, kuma idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar wanki sai a kwashe kayan a ƙarasa da hannu. Aibinsa shi ne sai an tsaya a kansa, ana kwashe kaya daga wannan baho zuwa wancan. Mai murfi a sama mai sarrafa kansa ya ɗauke wa uwargida wannan wahalar, amma yana shan ruwa da yawa, kuma yana bukatar famfo mai gudu.

Mai ƙofa a gaba ya fi su wanki da tattalin ruwa, domin wanki ɗaya yakan ci kimanin lita hamsin, wato jarka biyu ta lita 25, sai dai ya fi su sharaɗi. Yana son ruwa mai ƙarfi, saboda haka tankin da bai yi tsayi ba zai sa ya daɗe yana jira ko ya tsaya ya nuna alamar matsala. Yana kuma ɗauke da hita mai jan kusan wat dubu biyu idan aka zaɓi ruwan zafi, abin da ƙaramin janareta ko ƙaramar inbatar sola ba za su ɗauka ba. Wanda yake da sola zai iya amfani da shi da rana tsaka a kan ruwan sanyi, musamman idan motarsa irin ta inbata ce, wadda ba ta fizgar wuta lokacin tashi. Game da injin busar da kaya kuwa, ban ga dalilin da gida a Kano ko Katsina ko Maraɗi zai kashe kuɗi a kansa ba, alhali rana da igiyar shanya suna wannan aikin kyauta kusan duk shekara.

Kilo ɗin da ake rubutawa a jikin inji nauyin busassun kaya yake nufi. Mai kilo 6 ko 7 ya ishi ƙaramin iyali, amma gidan da ke da yara da yawa, ga zannuwan gado da barguna, gara ya nemi mai kilo 10 zuwa sama.

A wurin saye, a nemi dila wanda zai ba da rasit da katin garanti, kuma a tabbatar lambar da ke bayan injin ita ce aka rubuta a takardar. A tambaya dalla-dalla abin da garantin ya ƙunsa, domin shekara goman da wasu kamfanoni irin su LG suke rubutawa a jikin injinsu ta motar ce kaɗai, sauran sassan wa'adinsu gajere ne. Yana da kyau a bi ta wurin mai gyara na unguwa a ji irin injin da ake samun kayan gyaransa a garin, ko Haier Thermocool ne ko Hisense ko Scanfrost ko wani, domin inji mai kyau da babu kayan gyaransa a kusa zaman banza zai yi ranar da ya sami matsala. Mai niyyar sayen na hannu da aka shigo da shi daga waje ya karanta takardar da ke manne a bayansa: wutarmu bolt 230 ce, yayin da injinan da aka ƙera domin Amurka na bolt 120 ne, kuma jona su kai tsaye ƙona su zai yi. A ɗauko inji a tsaye, kada a kwantar da shi a bayan mota.

Wurin kafawa ne aka fi ɓata sabon inji. Mai ƙofa a gaba yana zuwa da manyan kusoshi uku ko huɗu a bayansa, waɗanda suke riƙe baho don kada ya yi ta bugawa a hanya, kuma dole a kwance su kafin a kunna shi. Idan aka bar su, injin zai yi ta tsalle yana tafiya lokacin matsa, har ya iya lalata kansa tun ranar farko. A adana su, domin za a bukace su ranar da za a tashi daga gidan. Bayan haka a ajiye injin a kan daɓe mai ƙarfi, a juya ƙafafunsa har ya zauna daram, a danna kowace kusurwa da hannu a ga ba ta motsi. Tiyon fitar ruwa ma yana da ƙa'ida: injin da ke da famfon tura ruwa ana ɗaga bakin tiyonsa kimanin santimita 60 zuwa 100 daga ƙasa, shi kuwa mai baho biyu gangara ruwansa yake yi, don haka a kwantar da tiyonsa ƙasa.

Batun wuta ba abin wasa ba ne, tunda ruwa da ƙarfe da jiƙaƙƙen hannu ne suke haɗuwa a wuri ɗaya. A sa mai aikin lantarki ya tabbatar soket ɗin yana da wayar ƙasa mai aiki, wato wayar da ke kai wutar da ta ɓalle zuwa cikin ƙasa, a ba injin soket nasa shi kaɗai, a kuma haɗa masa stabilaiza da ta fi ƙarfin abin da yake ja. Wasu injinan masu murfi a sama suna zuwa da faranti da ake rufe gindinsu da shi saboda ɓeraye, kuma mutane sukan jefar da shi tare da kwali, alhali cin waya da ɓera ke yi yana cikin abubuwan da ke kashe inji.

Wankin farko a yi shi babu kaya, da ɗan garin sabulu, don ya wanke maiƙon masana'anta, a tsaya kuma ana duba mahaɗar tiyo ko tana ɗiga. Daga nan ne mutum zai fara ganin abubuwan da za su ba shi mamaki, musamman wanda ya saba da mai baho biyu. Zai ga ruwan da ke cikin mai ƙofa a gaba ɗan kaɗan ne, da ƙyar ake hango shi ta gilashi, kuma haka aka tsara shi, domin ɗaga kaya da sako su ne yake fitar da datti. Zai ga wankin auduga yana cin awa biyu ko fiye, zai ga lokacin da ke allon yana sauyawa, zai kuma ga bahon yana juyawa a hankali yana tsayawa kafin ya fara matsa, wanda daidaita nauyin kaya ne yake yi. Ɗan warin sabuwar roba ma yakan gushe bayan 'yan kwanaki. Idan aka ɗauke wuta ƙofar takan zauna a kulle na ɗan lokaci, kuma kada a ja ta da ƙarfi, domin injina da yawa suna ci gaba daga inda suka tsaya idan wuta ta dawo.

A rage sabulu fiye da yadda aka saba a wankin hannu, domin kumfa mai yawa yana hana ɗauraya, kuma mai ƙofa a gaba yana son sabulun da aka yi domin inji. Kada a gwada sabon inji da shadda mai tsada ko leshi ko babbar riga mai aiki. A fara da kayan makarantar yara da tawul har a fahimci halinsa. Hula kuwa a bar wa masu wankin hula.

Abubuwan da ba a yi musu haƙuri ba su ne yoyon ruwa daga ƙarƙashin inji, da jan wuta idan an taɓa jikinsa, da warin ƙonewar waya, da jijjiga mai tsanani bayan an cire kusoshi an daidaita ƙafafu, da lambar matsala da ke dawowa a allo. Idan aka ga ɗaya daga cikinsu, a zare filogi, a ɗauki hoto ko bidiyo da waya, a koma wurin dila da rasit a cikin makon. Kada a bar wani mai gyara ya kwance injin kafin nan, domin hakan yakan soke garanti. Saboda wannan ne ma ake so a ajiye kwalin har a gama gwaji.

Shi kuwa tsohon injin, a fara yi wa mai gyara tayinsa kafin 'yan jari-bola, domin motarsa da famfonsa suna da daraja a wurin wanda zai sa su a wani injin. Idan zai daɗe a tsakar gida kafin a ɗauke shi, a yanke wayarsa, a zubar da ruwan da ya kwanta a ciki saboda sauro, a kuma cire ƙofar gaba ɗaya don kada yaro ya shiga ciki ta rufe da shi.